Mai kula da tsoho ko yara a gidan Saudiyya: me doka ta ba ta?

Mata da yawa daga ƙasar Hausa suna aikatau a Makka, Jidda da Riyad, aikin da ake kira shagala. Wata reno take yi, wata jinyar tsohuwar da ba ta iya tashi, kuma a gidan take kwana. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan haƙƙinta.

Wace doka ce ta shafe ta?

Babbar dokar ƙwadago ta Saudiyya ba ta haɗa da masu aikin gida ba, haka ma gyaran da aka yi a 2021 wa tsarin kafili, wato tsarin da ke ɗaure zaman ma'aikaci da wanda ya ɗauko shi. Suna da tasu ƙa'idar daban, wadda ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar ta sabunta a Oktoban 2023, ta fara aiki a Oktoban 2024. Ƙa'idar ta hana ɗaukar wadda ba ta kai shekara 21 ba, ta kuma ce lokacin gwaji kada ya wuce kwana 90.

Amma wadda za ta fi cin moriyarta ita ce wadda ta shiga da bizar aiki, aka rubuta mata yarjejeniya ta Musaned, manhajar gwamnati ta ɗaukar masu aikin gida, aka yi mata igama, wato katin izinin zama. Wadda dillali ya kai da bizar Umara ko ta ziyara ya ce "in kin je a gyara", ba ta da takardar da za ta riƙe. In aka hana ta kuɗinta, kai ƙara na nufin tona kanta, kuma ƙarshenta yawanci tsarewa ce a wuri irin Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a kora, sannan a dawo da ita gida.

Awa nawa ya kamata ta yi aiki?

Kada ya wuce awa 10 a rana. Kada ta yi fiye da awa 5 a jere ba a ba ta hutun aƙalla minti 30 ba, kuma tana da hutun awa 8 a jere kowace rana. A mako tana da yini guda cikakke, awa 24, da albashinta. In an sa ta aiki a ranar, a rama mata da wata ranar ko a biya ta.

A nan ne mai jinya ta fi cutuwa. Tsohon da ke kwance sai an juya shi cikin dare don kada bayansa ya yi gyambo, a sauya masa ƙunzugu, a ba shi magani a kan lokaci. Mai ciwon mantuwa kan tashi tsakar dare ya nufi ƙofa. Masu gida kan shimfiɗa mata katifa a ɗakin majinyacin su ce ai barci take yi. Wadda aka tasa sau uku kafin asuba ba ta samu hutun awa 8 a jere ba. Kuma gajiyar ba ita kaɗai take cutarwa ba: mai rashin barci ce ke rikita ƙwayoyin magani, ko majinyaci ya suɓuce mata a banɗaki, daga baya a ɗora mata laifin. Majinyacin da ke buƙatar kulawa dare da rana, aikin mutum biyu ne. Ya kamata a yi wannan magana tun kafin a sa hannu.

An kawo ni reno, yanzu ana tura ni share gidan 'yar'uwar uwar gida. Ya halatta?

A'a. Ƙa'idar ta hana mai gida sa ki aiki a gidan wani, ko aikin da ke da haɗari ga lafiyarki.

Ta yaya ake biyan albashi?

Duk wata, kuma ta hanyar da ke barin shaida. Daga Yulin 2024 aka fara wajabta biya ta banki ko asusun waya da ke haɗe da Musaned, mataki-mataki, aka tsara ya game kowa daga Janairun 2026. Kada ki yarda da "bari in tara miki". Kada ki sa hannu kan takardar karɓar kuɗin da bai shigo ba, kuma katin bankinki da lambar sirrinsa su zauna a hannunki.

Kuɗin ɗauko ki, na igama da sabunta ta, duk a wuyan mai gida suke, haka wurin kwana da abinci. Ba a cire su daga albashi.

Rashin lafiya da hutu fa?

Hutun jinya har kwana 30 a shekara da takardar likita: kwana 15 na farko da cikakken albashi, sauran da rabi. Wadda ta cika shekara biyu kuma za a sabunta yarjejeniya, tana da hutun wata guda da albashi. Duk shekara huɗu a jere kuma akwai ladan albashin wata guda idan aiki ya ƙare.

Mai gida zai iya riƙe fasfona?

Ba shi da wannan iko, ko fasfo ko igama, kuma ba zai hana ki magana da danginki ba. Duk da haka ana yi sosai. Ki ɗauki hoton fasfo, biza da yarjejeniya ki tura wa wani amintacce a gida tun kafin ki hau jirgi.

In an zalunce ni, in gudu?

In rayuwarki na cikin haɗari, ki fita ki nemi 'yan sanda: 911 a yankunan Makka da Riyad, 999 a wasu yankunan. In kuwa maganar albashi ce ko yawan aiki, fara shigar da ƙara kafin ki bar gidan, domin da kin fita mai gida zai kai rahoton kin gudu, abin da ake kira hurub, sai zamanki ya shiga matsala. Lambar ma'aikatar ƙwadago ita ce 19911. Ma'aikatar kan fara neman sulhu, in ya gagara a tafi kotun ƙwadago. Wadda aka hana albashin wata uku, a jere ko a rarrabe, za ta iya neman komawa wani gida ba da amincewar kafilinta ba.

Ki riƙa rubuta ranakun da aka biya ki da awannin da kika yi, ki adana saƙonnin waya. 'Yar Najeriya ta sanar da ofishin jakadanci a Riyad ko ƙaramin ofishinsa da ke Jidda, dangi a gida kuma su kai sunan dillalin ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, idan yaudara aka yi.