Waiwaye: Siyasa da Ƙaurace wa Manyan Gasannin Duniya

Hukumomin wasanni sun daɗe suna nanata cewa babu ruwan wasa da siyasa, sai dai tarihin gasanninsu bai goyi bayan wannan magana ba. Tun a gasar Olamfik ta 1920 a Antwerp aka ƙi gayyatar Jamus da ƙawayenta saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan a 1936 Hitler ya mayar da gasar Berlin dandalin tallata aƙidarsa ta fifikon launin fata, duk da cewa Jesse Owens, baƙar fata ɗan Amurka, ya kwashe lambobin zinare 4 a wannan gasa.

Mutane sun fi tunawa da takun-saƙar yaƙin cacar baka, lokacin da Amurka ta jagoranci ƙaurace wa gasar Mosko a 1980 kan mamayar Afganistan, Tarayyar Sobiyat kuma ta rama a Los Angeles a 1984. A ganina waɗannan biyun ba su haifar da komai ba, domin sojojin Sobiyat sun ci gaba da zama a Afganistan har 1989.

Ƙauracewar da ta yi tasiri ita ce ta Afirka. A gasar cin kofin duniya ta 1966, FIFA ta ware gurbi ɗaya tak ga Afirka da Asiya da yankin Oshiniya baki ɗaya, sai ƙasashen Afirka suka janye tun daga wasannin share fage, Ghana ta Kwame Nkrumah na kan gaba. Zuwa 1970 Afirka ta samu gurbinta, Maroko ta wakilce ta a Meziko.

Batun wariyar launin fata ya fi ɗaukar lokaci. Tun a kofin Afirka na farko a Khartoum a 1957 aka cire Afirka ta Kudu don ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙaƙe da farare, aka kuma hana ta zuwa gasar Olamfik ta Tokyo a 1964. A 1976, makonni kaɗan bayan kisan ɗalibai a Soweto, ƙasashen Afirka fiye da 20, har da Najeriya, suka juya wa gasar Olamfik ta Montreal baya saboda an bar New Zealand ta shiga alhali 'yan wasanta na zari-ruga suna rangadi a Afirka ta Kudu. 'Yan wasa da dama sun riga sun sauka a masauki, suka tattara kayansu suka koma gida, abin da ba ƙaramar sadaukarwa ba ce ga wanda ya shafe shekaru huɗu yana atisaye. Filbert Bayi na Tanzaniya, mai riƙe da bajintar duniya a tseren mita 1,500, bai samu karawa da John Walker na New Zealand ba, Walker ɗin ne kuma ya ɗauki zinaren. Sai a Barcelona a 1992 Afirka ta Kudu ta dawo.

Bambancin saurin hukunci shi ne abin da har yanzu ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. FIFA ta fara dakatar da Afirka ta Kudu a 1961, amma ba ta kore ta ba sai a 1976, alhali a 2022 kwana huɗu kacal ta ɗauka kafin ta dakatar da Rasha bayan ta kutsa Yukiren.