Ma'anar kalmar "takarda" da hanyar da ta biyo

Idan aka ce "ya ba ta takardarta", ba mai tambayar wace iri, kowa ya san aure ya mutu. Idan kuwa aka ce wane yana da takardu, ko dai ya yi boko mai zurfi, ko kuma filin da ya gina nasa ne halak malak. Wasiƙa takarda ce, sammacin alƙali takarda, kuɗin aljihu ma takarda. A bakin Bahaushe kalmar ta wuce fallen da ake rubutu a kai, ta zama shaida.

Masana harshe sun nuna cewa daga bakin Abzinawa muka aro ta. Wannan "ta" ta farko alamar jinsin mace ce a harshensu, sauran kuma ya fito daga "karta" ta Latin, wadda ita ma daga Girkanci take. Daga tushen Girkancin nan ne Larabci ya sami "ƙirɗas", kalmar da ta zo a Suratul An'am. Wato sunan ya ratso Sahara tare da kayan.

Ita takardar kanta a ƙasar Sin aka fara yin ta. Tarihin can ya ambaci wani bafade, Cai Lun, wanda a shekarar 105 ya kai wa sarki wadda ya haɗa da ɓawon itace da tsumma da tsohuwar komar masunta. Ana jiƙa su, a kirɓa har su zama kamar kunu, a ɗebo da rariya mai faɗi, ruwa ya tsiyaye, a matse a shanya. Sana'ar ta iso Samarƙand a ƙarni na 8, sannan Bagadaza zamanin Haruna Rashid, daga baya Andalus da Italiya.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne takardar da malamanmu suka yi rubutu a kai. Ɗauki falle ɗaya daga tsohon littafin da ke cikin gafaka, ka ɗaga shi wajen haske. Sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, ba da tawada ba. Waya aka lanƙwasa aka ɗinke a jikin rariyar, sai wurin ya fi sauran sirara. Masu yin takarda a arewacin Italiya, irin gidan Galvani, su suka riƙa sa wannan tambari saboda kasuwar Musulmi. Daga can sai Turabulus ta Libiya, raƙuma su ɗauko ta su biyo ta Gadamas har Kano. Wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ambace ta cikin hajar da ake shigowa da ita.

Abin da ya sha irin wannan tafiya ba ya arha. Shi ya sa almajiri yake koyo a allo, ya wanke ya sake, sai hannunsa ya nuna kafin ya kusanci takarda da alƙalamin gamba. Har gefen shafi ba a bari ya tafi a banza, malami kan cike shi da sharhi da ƙananan haruffa.

Irin wannan dabara tana nan har yau. Ita ce hoton ɓoye da mai shago ke nema idan ya ɗaga takardar naira dubu wajen haske kafin ya ba ka canji.