Kuɗin UBEC na gina aji, to wa ke biyan malamin?

Duk wanda ya zagaya makarantun firamare a Katsina ko Daura ya saba ganin sabon ginin azuzuwa, fenti na sheƙi, an rubuta UBEC (hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya) da SUBEB (takwararta ta jiha) da shekarar aikin a jikin bango. Ka leƙa ta taga kuwa sai ka tarar da yara cike maƙil, malami ɗaya na kai da komowa tsakanin aji biyu. Mutane kan ce an cinye kuɗin malamai ne. Cuwa-cuwa akwai ta, amma tushen matsalar yana cikin yadda doka ta raba nauyin.

Dokar ita ce ta ilimin bai-ɗaya, kyauta kuma dole, ta shekarar 2004, zamanin Obasanjo. Ta ce kowane yaro zai yi shekara tara a makarantar gwamnati ba tare da biyan ko sisi ba: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Littattafai, kayan koyarwa, aji, kujeru, har da abincin rana, duk ta lissafa su cikin abin da za a ba shi kyauta. Wanda ya karɓi kuɗi a kan waɗannan zai iya shan tarar da ba ta wuce N10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, karon farko jan kunne ne, na biyu tarar N2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Tarar ta tsufa.

Maganar kuɗi tana sashe na 11. Gwamnatin tarayya za ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta na babban asusu ta ba UBEC. Jiha ba ta taɓa babban kasonta sai ta ajiye nata, wato rabin kuɗin ayyukan da za a yi. Naira tata, naira ta Abuja. Jihar da ba ta ajiye ba, kuɗinta na nan zaune a Abuja, yaranta na zaune a ƙasa. Wadda ta ajiye, kuɗin zai bi ta hannun SUBEB, akasari ya tafi gini, gyaran rufi, banɗaki, rijiyar burtsatse da kujeru. Akwai wani kaso na horar da malamai, amma albashi ba ya cikin wannan kuɗi ko kaɗan.

Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, mu nan Katsina guda 34. An daɗe ana cire shi daga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, SUBEB ta biya. Ke nan ƙaramar hukumar da kasonta bai taka kara ya karya ba, ko da an gina mata azuzuwa goma, ɗaukar sababbin malamai zai yi mata nauyi. Wanda ya yi ritaya a bar gurbinsa, mai takardar shaidar malanta ta NCE daga kwalejin ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma ko ta tarayya (FCE) a Katsina na gida da takardarsa. Wannan ne giɓin da ya fi damuna a dokar: ta tanadi kuɗin bulo da siminti, ta bar mai riƙe alli a hannun matakin gwamnati mafi rauni.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, a watan ne kuma aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na N70,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana neman a cire albashin firamare tun daga sama, don dattawansu ba su manta da watannin da suka yi ba albashi a hannun ƙananan hukumomi ba. Ina ganin suna da gaskiya.

Don haka in rufin aji ya yaye, kwamitin al'umma mai kula da makarantar (SBMC) ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a nemi SUBEB ta sa gyaran cikin jadawalin ayyukanta na shekara. In malamai ne babu, ko ƙarin girma ya tsaya, shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha na mazaɓarku za a tambaya: malami nawa aka ɗauka bana, nawa kuma suka yi ritaya.