Adalcin tsarin shari'a a rikicin riƙon yara

Adalcin tsarin shari'a a rikicin riƙon yara shi ne ƙa'idojin da kotu ke bi idan uwa da uba suka rabu, suka kuma kasa daidaitawa kan wanda zai riƙe 'ya'yansu. Dokoki da dama sun bambanta riƙo, wato zama da yaro da ɗawainiyarsa ta yau da kullum, da walicci, wato ikon yanke shawara kan karatunsa da lafiyarsa da dukiyarsa. Fikihun Musulunci ma ya raba su: hadana daban, wilaya daban.

Ginshiƙin farko shi ne jin ta bakin kowane ɓangare. A kai wa wanda ake ƙara sammaci a kan lokaci, a samar masa tafinta idan bai jin harshen kotu, a kuma nuna masa duk takardar da alƙali zai dogara da ita, musamman rahoton jami'in jin daɗin jama'a, domin ya kare kansa. Alƙalin kada ya zama yana da alaƙa da ɗayansu, kuma ya rubuta dalilan hukuncinsa, don ta haka ne ɗaukaka ƙara ke yiwuwa. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce. A wasiƙarsa ga Abu Musa Al-Ash'ari, Halifa Umar ya umarce shi da ya daidaita masu ƙara hatta a kallo da wurin zama.

Sai dai a nan akwai mutum na uku, wanda bai kai ƙara ba amma shi hukuncin zai fi shafa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta sa maslahar yaro a gaba a sashe na 3, sashe na 12 kuma ya ba shi damar faɗin ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Yadda ake tambayarsa abin lura ne ƙwarai. A tsayar da yaro ɗan shekara takwas, uwarsa a dama, ubansa a hagu, a ce ya zaɓa, an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Shi ya sa kotuna da yawa ke sauraren yaro a keɓe, ko ta hannun ƙwararre, tare da duba ko wani ya kitsa masa abin da zai faɗa.

Idan ana tsoron duka ko gudu da yaro, kotu na iya ba da umarnin gaggawa ba tare da jin ɗaya ɓangaren ba, amma na ɗan lokaci ne, dole a kira shi nan kusa.

Babban abin da ke ɓata wannan shari'a shi ne jinkiri. Yaron da aka bai wa ɗaya daga iyayen riƙonsa na wucin gadi, idan aka yi ta ɗage zama har shekara biyu, ya saba da gida da makaranta, sai alƙali ya ji nauyin tayar da shi. Dokar Yara ta Ingila ta 1989 ta faɗa ƙarara cewa jinkiri kan cutar da maslahar yaro. Yarjejeniyar Hague ta 1980, kan iyayen da ke tsallaka iyaka da yaro ba bisa ƙa'ida ba, ta ba da damar neman dalilin jinkiri idan mako 6 ya wuce babu hukunci. Idan kuwa shekara ta cika kafin a shigar da ƙara, kotu na iya ƙin mayar da yaron matuƙar an tabbatar ya zauna daram a sabon wurin.