Batirin sola a ƙarƙashin gado

Jama'a, a zagayen da muke yi gida-gida, abin da ya fi tsaya mini a rai kwanan nan shi ne batirin sola da ake turawa ƙarƙashin gado, dab da inda yara ke kwana.

Mu fara da abin da ke cikinsa. Batir na dalma mai bolt 12 ɗakuna shida ne a jere, kowanne yana ba da kusan bolt 2, kuma a kowane ɗaki akwai farantan dalma jiƙe cikin asid. Ba wuta aka ɗura masa kamar kananzir a galan ba. Dalmar da asid ɗin ne ke aiki da juna, su tura caji ya fita ta kai ɗaya, ya bi waya, ya ratsa ƙwan fitila ko fanka, ya dawo ta ɗaya kan. A wannan zagayen ne ake samun haske da iska. Da zarar hanya ta yanke, komai ya tsaya. Aikin makunni ke nan.

To, in hanyar ta gajarce fa? Da idona na ga wani mai gyara ya ɗora sifana a kan batir, ta haɗa kawunan biyu. Babu fitila ko fanka a tsakani da za su rage gudun cajin, sai tartsatsi kawai, ƙarfen ya yi zafin da ya bar masa tabo a tafin hannu. Cokali ko awarwaro ma haka za su yi, shi ya sa muke cewa a rufe kawunan.

Lokacin caji kuwa, musamman in ya cika ba a cire ba, yana fitar da iskar haidirojin. Ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana kama wuta. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da risho, kyandir da maganin sauro na kunnawa. In asid ya fallatsa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti.

Sai dalma, wadda ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 2010, gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma ita ce dai a cikin batir. Iyaye mata, in ya mutu kada a fasa shi a tsakar gida, kada a mayar da kwankonsa mazubin ruwa ko kujerar yara. A miƙa shi a rufe ga masu sayar da batir, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.