Musun Majalisa kan Waƙa da Fim a Ƙasar Katsina

Musun majalisa shi ne gardamar da abokan zama suke yi a wurin hirarsu ta yau da kullum a kan mawaƙa, 'yan wasa da fina-finai, inda kowa yake faɗin ra'ayinsa yana kare gwaninsa. Majalisar da ake nufi ita ce benci ko tabarma a ƙofar gida, ko gindin bedi, ko teburin mai shayi, wurin da sa'o'in juna suke haɗuwa bayan la'asar ko bayan isha'i. Ana samun irinta a unguwannin birnin Katsina, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura, haka ma a Daura da Funtuwa da Malumfashi. Mata ma suna yin nasu a cikin gida, a wurin kitso da gidan biki. Ko da yake ba a rubuta wannan musu, a cikinsa ne aka fi auna darajar mawaƙi a ƙasar Hausa, kuma a cikinsa ne tarihin waƙoƙi da yawa ya tsira.

Al'adar ta girmi rediyo, domin tun da can mutane suna kwatanta makaɗan fada da na noma da na dambe idan an tashi daga wasa. Abin da rediyo ya ƙara shi ne ya sa mutumin Daura da na Dutsin-ma suka riƙa jin waƙa ɗaya a lokaci ɗaya, musamman bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 da yaɗuwar shirye-shiryen zaɓi sonka. Da kaset ya wadata kuma, sai mai musu ya sami hujjar da zai iya mayarwa baya a sake saurare.

A ƙasar Katsina kusan duk musun waƙa yana komawa ga Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, ya yi zama mai tsawo a Funtuwa, ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kuma binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Saboda haka garuruwa uku na jihar suna da hannu a tarihinsa, kuma kowanne yana jin nasa ne. Magoya bayansa suna kafa hujja da yadda yake ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, da yadda muryarsa take hawa kan kalangu ba tare da ta nitse ba, da kuma faɗin fagensa, wanda ya haɗa sarakuna da attajirai da direbobi da manoma. Sukan ƙara da digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi a 1988. Masu ja da su galibi sukan kawo Musa Ɗanƙwairo, su ce tsarin karɓeɓeniyar 'yan amshinsa da kiɗan kotso sun fi nauyi, ko su kawo Ibrahim Narambaɗa saboda azancinsa da zurfin Hausarsa. Wannan kwatance bai cika yin adalci ba, domin makaɗin fada yana da ubangida guda da ƙa'idojin da suka ɗaure shi, Shata kuwa mawaƙin kowa ne, amma rashin daidaiton ma'aunin ne yake sa musun bai taɓa mutuwa ba.

Wani reshe na musun ya shafi sani ne kawai, kamar wasan ƙwaƙwalwa: wa aka yi wa waƙa kaza, a wane gari aka fara rera ta, wane ne mutumin da aka ambata a tsakiyarta, me ya haɗa shi da mawaƙin. A nan dattijon da ya halarci wasan da idonsa ya fi kowa ƙarfin magana, kuma yaro ba ya ƙaryata shi kai tsaye, sai dai ya ce, "Baba, ni dai a kaset ba haka na ji ba." Littafin tarihin Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya dogara sosai ga irin waɗannan shaidu na baka, abin da yake nuna cewa hirar benci tana iya zama madogarar bincike.

Fim ya shigo majalisa ta hanyar finafinan Indiya da ake nunawa a gidajen sinima, waɗanda 'yan kallo suke haddace waƙoƙinsu ba tare da sun ji harshen ba, har su laƙaba wa jaruman sunayen Hausa. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, wanda ake ɗauka mafarin finafinan Hausa na bidiyo, sai gardamar ta dawo gida. Mujallar Fim, wadda Sheme ɗan ƙaramar hukumar Faskari ya kafa a 1999, ta ba masu musu labaran da za su riƙe. Babban abin saɓani shi ne rawa da waƙa tsakanin namiji da mace: wasu suna ganin kwaikwayon Indiya ne da yake ɓata tarbiyya, wasu kuma suna cewa in babu su kaset ba zai sayu ba. Kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001 bai kashe maganar ba. 'Yan barkwanci irin su Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, su ne suka fi samun yardar kowane ɓangare. Katsinawa suna da wani ƙorafi nasu na daban, wato rinjayen Kananci a bakin 'yan wasa, kuma kunnensu yana saurin kama duk wanda ya kwaikwayi Katsinanci bai iya ba.

Wayar hannu ta sauya yadda ake musun. Masu tura waƙoƙi da finafinai a memori sun maye gurbin masu sayar da kaset, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 da kuma YouTube sun kawo finafinai masu dogon zango, waɗanda ake tattauna kowane kashi nasu washegari, ga kuma finafinan Indiya da aka fassara da Hausa. Waƙar siyasa ta buɗe wani fage mai zafi, musamman ta Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Danja, domin a nan yabon waƙa yakan cuɗe da goyon bayan jam'iyya, har ya yi wuya a raba su. Tambayar da a da ake kwana uku ana ja a kanta, yanzu wani matashi yakan zaro waya ya kunna waƙar a warware ta nan take. Abin da waya ba ta iya warwarewa shi ne wa ya fi wani, kuma a kan wannan ne ake ci gaba da zama har mai shayi ya kashe wuta.