Ma'anar "firaimet", kalmar da ake ta fassarawa da "biri"

Kwanakin nan duk zauren WhatsApp na 'yan uwa mazauna Jidda da Makka da ka leƙa, sai ka tarar da bidiyon binciken ƙwaƙwalwar firaimet, mai fassara kuma ya riga ya gama magana: wai birrai. Shi ke nan gardama ta tashi, wani ya ce Turawa sun dawo da zancen biri ne kakanmu, wani ya yi a'uzubillahi ya fice.

Firaimet sunan rukuni ne a tsarin da masana ke jera halittu. Biri mai wutsiya yana ciki, gwaggon biri yana ciki, ɗan Adam ma da shi aka lissafa. An haɗa su ne saboda hannu mai damƙa, idanu biyu a gaba, da ƙwaƙwalwa mai girma in an gwada da jiki. Masanin nan ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya laƙaba sunan a 1758, tun kafin a haifi Darwin, masanin da ake jingina wa zancen dangantakar mutum da biri, daga kalmar Latin mai nufin na sahun gaba, wato manyan gari. Larabawa suka bi sawu suka ce ra'isiyyat, daga ra'isi. Linnaeus har jemage ya cusa a ciki, daga baya aka fitar da shi. Ni dai sunan nan dariya yake ba ni. Mutum ya zauna da alƙalami zai jera halittu, sai ya kira gidansu "shugabanni". Wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Hada, hawan Ɗa'if, ya ga waɗannan shugabannin ido da ido: ƙaton namijin biri mai furfurar gashi a kafaɗa ya ɗare kan mota, ya fizge ledar burodin tamis daga hannun yaro, ya koma kan dutse yana ci yana harararka. Ranka ya daɗe, a ci lafiya.

Masu binciken kuwa bambanci suke aunawa. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, lissafin Suzana Herculano-Houzel 'yar Burazil, ta birin makak kuwa wajen biliyan 6. Ana haihuwar makak da fiye da rabin ƙwaƙwalwarsa ta girma, jaririnmu bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma gaban ƙwaƙwalwa, mai hana mutum aikin gaggawa, sai an haura shekara ashirin yake nuna.

To me ya kai su ga biri? Ɓera ba shi da yatsu irin namu, kuma tsarin ƙwaƙwalwarsa ya yi nisa da tamu. A 1990 Mahlon DeLong da abokan aikinsa a Amurka suka nuna a jikin birrai cewa wani ɗan gurbi can cikin ƙwaƙwalwa ne ke wuce gona da iri a cutar Parkinson, mai sa karkarwa. Daga nan likita Alim-Louis Benabid a Faransa ya sa siririyar waya mai wutar lantarki a gurbin nan a jikin majinyata. Dattijon da da can shayi ke zubewa kafin kofi ya kai baki, yau a irinsa akwai wanda ya iya riƙe kofinsa.

Na karanta wa kawuna wannan bayanin, na ce a riƙa cewa "rukunin mutum da birrai". Ya ce, "Ɗana, a cire ni, a mayar da jemagen."